Sa Hannun Babbar Sista

Ina tsakiyar ɗaure wa wata mata ƙusar tabarau wayata ta yi ƙara. Da na ga Baba ne sai na san ba lafiya ba, domin Baba ba ya kiran mutum da rana. Shi a wurinsa wanda ke bakin aiki ba a taɓa shi, ko da gidan ne ya kama da wuta.

"Uwata," ya ce, "sun kama Magajiya."

Magajiya ba sunanta ba ne. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana akawun rajista a wani ƙaramin asibitin haihuwa, duk jaririn da ya faɗo duniya a can shi ke shigar da shi babban littafi. Ita ce yarinyar da ya koya wa aikin, ta gaji kujerarsa da makullin ɗakin ajiya, shi ya sa yake kiranta haka har muka ɗauka. Yanzu 'ya'yanta uku, kuma duk wata sai ta zo gaishe shi da lemo a leda.

"Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Ki zo."

Na bar wa abokiyar aikina matar da tabarau ɗinta, na tari mota. Na iske Baba zaune bakin gado, ya riga ya sa takalmi. Ɗakin nan nasa ko ofis albarka: tebur a jikin taga, alƙaluma a jere daga babba zuwa ƙarami, rula, kwalbar tawadar da ta bushe tun bara amma ba mai ikon jefar da ita. Hannunsa na dama na kan cinyarsa yana rawa. Shekara biyu ke nan da ciwon ya same shi, kuma tun ranar da ya ga rubutunsa ya karkace bai sake riƙe alƙalami ba. Ba sallar da zan yi ban roƙar masa sauƙin hannun nan ba.

Ya ce an kama wasu 'yan damfara da takardun haihuwa na jabu masu sunan asibitin, shi ne masu bincike suka kwashe littattafan rajista kaf. Wani ƙwararre kan rubutun hannu ya bi su shafi shafi. A wani tsohon littafi ya tarar da shafi goma sha ɗaya da takardarsu ta bambanta da sauran, zaren da aka ɗinka su da shi ma daban. Sa hannun shugabar ungozomomi, wadda kowa ke kira Babbar Sista, ya fito sau ɗari da arba'in da uku a shafukan, kuma duk iri ɗaya sak. Ƙwararren ya ce ba a halicci mutumin da ke sa hannu haka ba. Babbar Sista ta daɗe da rasuwa, makulli kuma shekara goma sha biyu yana hannun Magajiya. Sai suka ce ita ta cusa shafukan don ta riƙa sayar da takardu.

"To Allah Ya fid da ita," na ce. "Kai kuma ina za ka da takalmi?"

"Ni na rubuta su."

Na zauna a ƙasa.

Ya ba ni labarin dalla-dalla, yadda yake komai. Shekara ashirin da biyu da suka wuce fankar ofis ta mutu, ya buɗe taga, ya ɗora littafin a bakinta, aka tashi aiki ya manta. Ruwa ya kwana biyu yana zuba. Da ya dawo ya samu shafukan sun kumbura, tawada ta narke. Babbar Sista kuwa mace ce da ko likita ke sauya hanya in ya hango ta. Sai ya samo takarda mai layi irin ta littafin, ya ɗauko ƙaramin littafin ɗakin haihuwa don tabbatar da kowane suna da kowace rana, ya riƙa kulle ƙofa lokacin cin abinci. Kwana tara ya yi. Sa hannun kuwa a bayan tsofaffin jaridu ya koya. Ya ɗinka sababbin, ya ƙona jiƙaƙƙun.

"Ko harafi ɗaya ban sauya ba," ya ce. "Babbar Sista kanta ta taɓa buɗe shafin tana neman wani suna, ba ta gane ba."

Wallahi da murmushi ya faɗi wannan. Mutum ya haƙa wa kansa rami, yana yaba kyan ramin. Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana sun yi zafi.

"Baba, cire takalmin nan. Ba inda za ka sai mun ga Lauya."

Lauya ɗan ƙanwar Baba ne, taubashina, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu lafiya. Ofishinsa na hawa na biyu, saman wani shagon taya, fayil-fayil har kan kujerar baƙi. Yana ganina ya fara.

"A'a, yau makafin garin sun samu hutu ke nan?"

"Rufe min baki, mai cin abinci da rigimar mutane. Magana ce ta kawo mu."

Da ya dubi fuskar Baba sai wasan ya tsaya. Ya kwashe fayil ɗin kan kujera, ya zaunar da shi, ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Ni ce na kasa haƙuri.

"Ai ba laifi ba ne, ko? Komai da ke ciki gaskiya ne. Bai ƙara ba, bai rage ba, bai ci na kowa ba."

"Nan ne mutane ke kuskure," in ji Lauya. "Doka ba ta fara da tambayar ko abin da ke cikin takarda gaskiya ne. Tana tambaya ne, wa takardar ta ce ya rubuta ta, kuma yaushe? Shafukan nan suna cewa Babbar Sista ta sa musu hannu a ranakun da aka haifi yaran. Ba ta sa ba. Takardar da kanta ke ƙarya a kan asalinta, shi ne jabu."

"To wanda ya rubuta ƙarya tsagwaronta ya sa hannunsa fa?"

"Maƙaryaci ne, yana iya samun wani laifin, amma takardarsa ba jabu ba ce, tasa ce. Kawu ya rubuta gaskiya da hannun wata."

Na ce wannan doka ba ta da hankali. Ya ce in je in gaya wa alƙali.

Sannan ya juya ga Baba. "Saura niyya, Kawu. Ka yi nufin duk wanda ya buɗe littafin ya ɗauka ita ta sa hannu?"

Na taka ƙafar Baba a ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafarsa.

"In ba haka ba me ya sa na sha wahalar kwana tara?"

"Kuma don kada a hukunta ka kan tagar da ka bari buɗe?"

"Haka ne."

Lauya ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Kawu, da ka rubuta layi ɗaya a saman shafin. Ka ce wannan kwafi ne, ruwa ya ɓata na asali, ni wane na kwafa ranar kaza, ka sa hannunka. Da iyakarta faɗan Babbar Sista."

"Na yi tunanin haka," Baba ya ce. "Sai na ga zai ɓata shafin."

Na miƙe na je bakin taga, don in na zauna zan faɗi abin da 'ya ba ta faɗa wa ubanta. A ƙasa wani na dukan taya da guduma. Na tambayi Lauya, ba tare da na juyo ba, me zai faru in Baba ya je ya faɗa. Ya ce littafin hukuma ne, kuma doka ta fi tsanani a kan irinsa. Tsufan laifin ba zai wanke shi ba. Mai yiwuwa alƙali ya dubi shekarunsa da ciwonsa da cewa shi ya kawo kansa, mai yiwuwa kuma ya ƙi. Ba zai yi mana alkawarin Baba ba zai kwana a tsare ba.

"In kuma bai je ba?"

"Magajiya za ta tsaya gaban kotu. An hana ta beli, sun ce tana da abokan aiki a waje." Ya dubi Baba. "Ko ya je ma, ba lallai su yarda ba. Za su ce tsoho ne ke son rufa wa yarinyarsa asiri. Tunda ya ƙona na asalin, hujjarsa ɗaya ce: su ba shi alƙalami ya yi sa hannun a gabansu."

Dukkanmu muka kalli hannun Baba. Yana ta rawa a kan hannun kujera. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Karo na farko cikin shekara biyu na kalli hannun nan ban ji tausayi ba.

A mota na yi ta magana. Na ce masa yana da shekara saba'in da huɗu, yana shan magani sau uku a rana, wa zai ba shi a can? Na ce Magajiya ba ta yi ba, gaskiya za ta fito da kanta. Na ce ya tuna takardar yabon da ke rataye a falo, ya tuna jikokinsa da abin da za a riƙa ce musu a makaranta. Shi dai yana kallon titi. Da muka isa gida ya cire tabarau yana murza ido, na ɗauka na juya shi a hannuna.

"Ƙusar nan ta saki," na ce. "Bari in tafi da shi shago in gyara."

Baba ba ya ganin ko matakalar ƙofa in ba tabarau. Na sani, shi ya sa na yi.

Kwana biyu tabarau ɗin na cikin aljihun teburina, ƙarƙashin tsumman goge gilashi. Kwana biyun nan ban yi aikin kirki ba. Na ba wani tsoho gilashin wata ɗaliba, na yi wa mai kawo kaya tsawa a kan abin da ba laifinsa ba, na zuba shayi na manta har ya huce, na sake zuba wani. In na zauna sai in tashi, in na tashi sai in rasa abin da na tashi yi. Abokiyar aikina ta ce ko ƙuma ce a kujerar. Duk bayan awa ɗaya sai in kira matar yayana, wadda ke zaune da Baba, in ce yana nan? Ta ce yana nan, ya sa takalmi, yana zaune.

Rana ta uku da hantsi wani dogon mutum ya shigo da hular kwano a hannu. Mijin Magajiya ne, ma'aikacin wutar lantarki. Ya rame. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi jikin Baba, sannan ya ciro wani abu naɗe cikin hankici.

"Nata ne," ya ce. "Ya faɗi ranar da suka zo, wani ya taka. Ta ce ba ta iya karanta takardun da suke ba ta ta sa hannu. Na ce kada ta sa wa komai hannu sai na kawo."

Tabarau ne, hannunsa ɗaya ya karye daga gindi. Na buɗe aljihun tebur neman wani hannun, ga na Baba yana kallona. Na tura shi can ciki.

"Yaya yaran?" na tambaya.

"Ƙaramar ta daina cin abinci. Babban kuma ya ƙi zuwa makaranta, wai an rubuta masa ɗan ɓarauniya a allo." Ya juya hular a hannunsa. "Ita abin da ya fi damunta shi ne Baba. Ta ce da ma ba a gaya masa ba, kada ya ji kunya wai wadda ya koya wa aiki ce aka kama."

Ƙusar ta kuɓuce min sau uku. Aikin minti biyar ya ci min rabin awa. Da zai tafi ya ce in gaishe da Baba, in ce masa suna neman addu'arsa. Yana fita na shiga bayan shago na yi kuka, kukan haushi, ban ma san da wa nake haushin ba.

Da la'asar na koma gida. Baba na zaune inda na san zan same shi, ya sa farar rigarsa ta zuwa ofis, alƙalaminsa mai tawada a aljihun gaba.

"An gama gyaran?" ya ce.

"An gama."

"Ƙusar ba ta saki ba, Uwata. Ba na gani, amma ina ji da yatsa."

Na miƙa masa. Ya sa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Tsoro nake ji, Baba," na ce. "Ba na so ka je. Na san ba ta yi ba, na ga mijinta yau, kuma duk da haka ba na so ka je. Ka ce min muguwa in kana so."

"Ba muguwa ba ce ke. 'Yata ce." Ya laluba sandarsa. "Na ji tsoron faɗan mace ɗaya, shi ne yau wata ke kwana a kan siminti. Kira min ɗan banzan taubashin naki, ki ce gobe ƙarfe tara. Ki kuma sayo min tawada."

Na sayo. A raina na ce ko tawadar duniya aka tara masa, hannun ba zai yarda ba.

Ofishin masu binciken dogon baranda ne da benci, da ƙofofi masu lamba. Muka jira awa ɗaya da rabi. Na tashi na zauna ya fi sau goma, har Lauya ya ce in ban natsu ba zai ce ni ce mai laifin. Daga baya aka shigar da mu wurin Sufeto, wani mai furfura a gemu da idon wanda bai samu barci ba. Littafin na kan teburinsa cikin leda.

Baba ya faɗi komai, tun daga fanka har zuwa ashana. Sufeto ya saurara yana juya biro. Da aka gama ya yi ajiyar zuciya.

"Baba, na girmama ka. Amma wata ba ya wucewa ban ga uba ko uwa sun zo ɗaukar laifin nasu ba. Yarinyarka ce, na gane." Ya nuna hannun da haɓa. "Da wannan hannun ka yi aikin da ya ruɗe asibiti shekara ashirin?"

"Lokacin ba ya rawa."

"To ka koma gida ka huta."

Na riga na ɗauki jakata. Har na kama hannun rigar Baba.

"Ba ni takarda," Baba ya ce.

Lauya ya sunkuya kusa da kunnensa. "Kawu, ba dole ba ne. Doka ba ta tilasta ka. In ka yi, ka gama ba su hujja."

"Na ji. Ba ni takarda mai layi."

Sufeto ya ɗaga kafaɗa, ya yago takarda ya tura masa, ya miƙa biro. Baba ya ƙi karɓa, ya ciro nasa. Murfin kaɗai ya ɗauke shi lokaci, alƙalamin na ta kaɗawa, har ɗigon tawada ya faɗi a tebur. Ya gyara takardar ya ɗan karkata ta, ya gyara zaman tabarau.

Ni kuwa addu'a nake. Ni da na shekara biyu ina roƙon Allah Ya tsayar da hannun nan, ga ni tsaye a bayansa ina cewa ya Allah kada ya tsaya, ya Allah ya yi rawa, yau kaɗai. Na san abin da nake roƙo, na san wa zai kwana a ciki in an amsa min, ban fasa ba.

Bakin alƙalamin ya taɓa takarda, sai rawar ta lafa. Likita ya taɓa gaya mana irin ciwon nan ya fi tashi in hannu na zaune, ni ce na manta. Baba ya ja wani babban lanƙwasa, ya bi da ƙananan haruffa a tsaye, ya ƙare da doguwar wutsiya da ta dawo ta ƙarƙashi. Ya sauka layi na biyu ya sake. Ya sake na uku.

Sufeto ya daina juya biro. Ya ciro littafin daga leda, ya buɗe inda aka sa alama, ya ɗora takardar a gefe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga waya ya ce a kira masa ƙwararren, a kuma kawo fom ɗin bayani.

Baba ya leƙa aikinsa. "Wutsiyar ta uku ta ɗan gajarce," ya ce.

Ba wanda ya yi dariya. Aka rubuta bayaninsa, aka karanta masa, ya gyara musu kwanan wata ɗaya. Sufeto ya nuna masa inda zai sa hannu. Kafin ya sa, ya jawo takardar nan mai sa hannu uku, ya rubuta a samanta a hankali: wannan kwaikwayo ne, ni na yi shi yau. Ya sa kwanan wata da sunansa. Rubutun ya karkace, ya hau kan layi, bai damu ba.

"Ita fa?" ya tambaya.

"In ƙwararren ya tabbatar, gobe za ta koma gida," in ji Sufeto. Ya kasa haɗa ido da ni. "Kai kuma, Baba, sai mun riƙe ka zuwa lokacin da za a kai ka gaban alƙali. Lauyanka ya nemi beli a can."

Wani ɗan sanda ya kawo ambulan. Aka sa agogo, aka sa alƙalami, aka sa ɗamara. Na ba su ledar maganinsa, na faɗa musu lokutan sha har sau uku, na sa aka rubuta. Da aka zo kan tabarau ɗan sandan ya ce gilashi ne, ba a shiga da shi, ko a sa a ambulan ko 'yarsa ta riƙe.

Baba ya cire ya miƙo min. Hannun ya koma rawarsa.

"Riƙe min, Uwata. Kin iya ajiyarsa."

Suka kama masa hannu saboda matakala. Na tsaya a barandar da tabarau ɗin a tafina, da ɗumin fuskarsa a jiki, ina jin sandarsa na taɓa ƙasa har suka sha kwana.